Gizagon da Gora Ta Cinye

Wani kafinta ya kafa rumfa a bakin layinmu bana, tun daga nan ban sake samun barcin rana mai daɗi ba. Zartonsa na lantarki ne, in ya tayar da shi har cikin haƙorana nake ji. Rannan da aka ɗauke wuta na dogara sandata na je in ga abin da ke hana ni sakat, na tarar ya kwance bakin zarton ya wurga a kwata. Na ce, "Ɗana, wannan fa?" Ya ce, "Ya dakushe ne Baba, sabo zan sa." Na ce ashe ba a wasawa? Ya yi dariya, irin wadda ake yi wa tsoho in ya tambayi abin da aka daina yayi, ya ce wa ke da lokacin washi yanzu. Na so in wanke shi tas, amma na haɗiye. Duk garin nan ba wanda ya fi ni rashin bakin yi wa wani faɗa a kan ɓarnar ƙarfe, don na yi wadda ta fi tasa nesa ba kusa ba. Na koma gida na zauna, sai Anacha, can ƙasar Ibo, ta faɗo mini a rai.

A can na yi wayo, a unguwar Hausawa da ke kusa da bakin kogi. Mahauta ne da fataken goro da 'yan shanu, sai mu 'yan tsirarun masu sana'ar hannu. Abin da kunnena ya riƙe daga wancan zamani shi ne kukan jirgin fito in zai tsallaka kogi, da ƙararrawar coci da ke shiga cikin kiran sallah ba wanda ya damu, da ruwan sama a kan kwanon rufi wanda in ya fara sai ka manta akwai rana. Mu yaran da aka raina a can harshe uku ne a bakinmu, Hausa a gida, Ibo a kasuwa, Turancin buroka a bakin jirgi. Manya kuwa ba su yarda ko gaisuwa ta ragu ba. Mutum biyu za su haɗu a kan gadar katako, ruwa na dukansu, sai sun tambayi gida da iyali da gajiya da labarin Arewa kafin ɗaya ya ba ɗaya hanya. Yau jikana yana gaishe ni idonsa na kan waya.

Babana masassaƙi ne ɗan masassaƙi. Turmi da taɓarya da akushi da kujerar tsugunno, su ya gada, su ya iya. Fari ne ya kore shi daga garinsu, ya biyo 'yan shanu zuwa kudu da Inna da ni a goye, da niyyar shekara biyu. Ya zo ya tarar mutanen gari suna da masassaƙansu, ba wanda ke neman turmin baƙo. Abin da Hausawan unguwa ke bukata kuwa rumfar kasuwa ne, da teburin mahauta, da gadon kwana, da shingen dabbobi, kuma duk da gora ake yin su, don ita ce ke tsirowa a ko'ina tana zuwa cikin kwale-kwale dami-dami. Haka mutumin da ya saba da ƙirya da maɗaci ya koma mai fasa gora. Ya ci abinci da ita fiye da shekara ashirin, amma bai taɓa yafe mata ba. Ya kan ce, "Wannan ba ice ba ne, ciyawa ce ta yi girman kai."

Wanda bai yi aiki da gora ba zai raina ta. Cikinta rami ne, mutum ɗaya ya ɗauki uku a kafaɗa, in ka sa mata adda a ka ta tsage har gindi. Amma muguwa ce, a fatar take ɓoye muguntar. Wannan santsin da kake gani yana ƙyalli, akwai wani abu kamar yashi a cikinsa, ido ba ya gani, ƙarfe ne ke ji. Zarton da zai yi sati yana yanka katako, in ka sa shi a gora kafin azahar haƙoransa sun kwanta. Wuƙar da ka fere gaɓa goma da ita ba za ta yanka albasa ba. Ɗanyarta da ɗan sauƙi, busasshiya kuwa har wuta take bayarwa in ƙarfe ya sauka a gaɓa. Ba ta karɓar ƙusa, tsagewa take, sai dai ka gasa tsinken ƙarfe ka huda ka ɗaure da igiya. Kuma in ta tsage gefenta ya fi aska, har yau tafin hannuna na hagu yana ɗauke da shaidarta. Sartsenta in ya shige ka sai ya yi ruwa kafin ya fito.

Saboda haka Baba yana da dokoki, ni kuwa a lokacin gani nake tsufa ne kawai. Ba a aiki da gorar da ba ta kwana cikin ruwa ba. Mu kan ɗaure damin mu nutsar a gefen kogi sati uku ko huɗu, har ta yi wani wari mai tsami, don ruwan ya janye zaƙin da ƙwari ke bi. Gorar da aka ja a kan rairayi sai an wanke ta kafin ƙarfe ya taɓa ta. Kuma addar kanti ce ta gora, irin wadda ake sayarwa a kowane shago. Baba ya kan ce ƙarfen banza don icen banza. Kowace safiya bayan sallah sai ka ji shi a bakin zaure da dutsen washi da gwangwanin ruwa, shuu, shuu, yana mayar wa adduna abin da gora ta ƙwace jiya. A shekara mu kan binne adda biyu ko uku, sun sirance sun zama kamar ganyen rake. Da wannan sautin nake farkawa tun ina yaro har na yi gemu.

Abu ɗaya ne gora ba ta taɓa gani ba a gidanmu, gizagon kakana. Yana naɗe cikin fatar akuya a saman rufi. Wani maƙerin garinsu ya ƙera shi tun kafin jirgin ƙasa ya iso can. Jikinsa baƙin ƙarfe ne mai laushi, amma a bakin maƙerin ya liƙa wani ƙarfe dabam mai tauri, faɗin yatsa biyu. In aka wasa shi kana ganin layin da suka haɗu, na baki yana haske, na jiki ya yi duhu. Baba ya taɓa ɗora yatsana a kan layin ya ce, "Daga nan zuwa baki shi ne ransa. Kakanka da ni mun ci yatsa ɗaya a rayuwa biyu. Saura ɗaya, naka ne da na ɗanka, in kun iya ci a hankali." Ƙotar ta yi baƙi da gumin mutum biyu, har wurin da babban yatsa ke zama ya lotsa. A gizagon nan Baba ya ajiye komawarsa gida. Duk shekara sai ya ce in Allah ya kai mu baɗi za mu tattara, ya je ya ƙarasa kwanansa yana sassaƙa icen kirki.

Ina da shekara ashirin da 'yan kai aka sa ranar ƙanwata, ita kaɗai ce mace a gidan. Angon wani ɗan fataken goro ne, suna son juna, kowa ya yi murna. Baba ya ce abu ɗaya ne ba zai yiwu ba, a ce 'yar masassaƙi ta shiga ɗakin miji da turmin saye. A danginsu ba a taɓa yi ba. Kowace 'ya da turmin hannun ubanta take tafiya, ta daka a ciki har ta bar wa 'yarta. Kuma ba da icen kudu zai yi ba, sai ƙirya. Inna ta ce, "Malam, da girmanka za ka yi wannan tafiya saboda gungume?" Ya ce, "Saboda gungume." Ya shirya ya bi 'yan shanun da za su koma. Ranar tafiya ya sauko da gizagon ya miƙa mini. Da yake ni ne ɗan fari bai taɓa kiran sunana ba, sai ya ce, "Kai wannan, damina ce, raɓar garin nan tana cin ƙarfe. Duk Juma'a ka buɗe ka shafa masa man kaɗe ka mayar." Na ce to. Bai ce kada in yi aiki da shi ba, don bai zaci akwai bukatar faɗa ba.

Bai yi sati biyu da tafiya ba wani Alhaji, babban dillalin shanu a unguwarmu, ya aiko a kira ni. Mutum ne mai zaƙin baki, in yana son abu a wurinka sai ka ji kamar kai kaɗai Allah ya halitta da hannu. Ya ce garke babba na kan hanya, shingensa ya ruɓe, yana son sabo wanda zai ɗauki shanun duka kafin su iso. Na ce, "Alhaji, Baba ba ya nan, kuma ba mu da gora jiƙaƙƙiya." Ya ce, "Haba Gwani, kai ma sai ka jira Baba? Mutane na cewa hannunka ya fi nasa sauri, ni ne nake musu. Ga gora can busasshiya jibge a bakin ruwa, wa ya ce shanu na tambayar ko an jiƙa?" Ba wanda ya taɓa ce mini Gwani kafin ranar. Kaina ya kumbura, na amsa. Ba yunwa ce ta sa ni ba, ba a rasa tuwo a gidanmu ba. So nake Baba ya dawo ya tarar da shinge mafi girma a unguwa, a ce masa ɗanka ne ya yi shi kaɗai.

Gorar ta bushe ƙamas, an ja ta a kan rairayi har yashi ya shiga kowace tsaga. Shinge irin wannan sai an sassaƙe wa kowace sanda baki a kai da gindi don ta zauna a jikin turke, a kuma fere gaɓoɓi. Da adda sara biyar ko shida ne kafin baki ɗaya ya fita, kuma kafin hantsi addar ta zama guduma. Kwana uku ina fama ban ci ko kusurwa ɗaya ba, Alhaji na zuwa safe da yamma yana duba ni yana girgiza kai. Ranar Juma'a na buɗe fatar akuya don shafa mai, na gwada bakin gizagon a gashin hannuna ya aske. Na ce bari in gwada sau ɗaya. Na fita da shi na sauke a kan sanda, baki ya fita sara ɗaya, fes, kamar an yanka sabulu. Wallahi har yau ina jin daɗin wannan saran a kafaɗata, kuma shi ya fi komai ba ni haushi.

Sau ɗaya ya zama wuni, wuni ya zama sati. Da farko da dutsen Baba nake wasawa, sau uku a rana, daga baya sau biyar. Sai wata rana ya sauka a kan wata gaɓa mai yashi ya yi giɓi, ɗan ƙarami kamar ƙwayar shinkafa. Dutse ba zai share giɓi ba ko na kwana uku a kai. A lokacin an fara yayin masu washi da keke a bakin kasuwar Ochanja, mutum na taka feda, dutse mai zagaye na juyawa, tartsatsi na tashi. Na kai masa. Kafin in gama zama giɓin ya ɓace. Na tsaya ina kallon tartsatsin nan yana burge ni, ban san ƙarfen kakana ne ke tashi a iska ba. Bakin ya fito da wani shuɗi-shuɗi, na ɗauka kyau ne, ashe zafin dutsen ne ya ƙone masa tauri. Daga nan ya rage riƙe kaifi, ni kuma na ƙara yawan zuwa wurin mai keke. Ƙanwata ta taɓa ganina zan fita da shi a ƙarƙashin riga ta ce, "Yaya, ba na Baba ba ne wannan?" Na daka mata tsawa na ce ta kula da tukunyarta. Na daina duba layin nan da Baba ya nuna mini, don na san abin da zan gani.

Shinge ya tashi kwana biyu kafin shanu su iso. Mutane suka zo kallo, Alhaji ya dafa kafaɗata a gaban jama'a. Na wanke gizagon na shafe shi da mai fiye da kullum, na naɗe na mayar saman rufi, na ce wa kaina ai ƙarfe ƙarfe ne.

Baba ya dawo bayan wata biyu da rabi a bayan wata motar kaya, ya rame ya yi baƙi, ƙafafunsa sun kumbura. Amma dariya yake. Mutum huɗu suka sauke gungumen, ƙirya ce jajir mai nauyin tsiya, Baba ya ce sai da ya zaga daji uku kafin ya sami wadda ta kwanta masa. Kashegari da hantsi ya sa aka mirgino shi tsakar gida. Maƙwabta suka taru, don yawancin yaran unguwa ba su taɓa ganin an sassaƙa turmi ba. Ƙanwata ta kawo masa ruwa ta koma bakin ƙofa ta tsaya da ƙawayenta. Ya ce in sauko da gizago. Na miƙa masa. Ya warware fatar, ya share man da gefen rigarsa, ya juya bakin wajen rana. Ya daɗe yana kallo. Ya bi da babban yatsa daga wannan gefe zuwa wancan yana neman layin, babu. Na ga lokacin da dariyar ta bar fuskarsa.

Duk da haka ya yi bisimilla ya ɗaga ya sauke a kan ƙirya. Ba ƙarar da na sani ta fito ba, wani dum ne kawai. Da ya ɗago, bakin ya naɗe kamar murfin gwangwanin madara, icen kuwa ko ƙwarzane na kirki bai yi ba.

Bai dube ni ba ya ce, "Gora?"

Na ce, "Gora ce, Baba."

"Aikin wa?"

"Shingen Alhaji."

"Ya tsaya?"

"Ya tsaya."

Ya ce, "To, madalla."

Da ya zage ni ko ya ɗauki taɓarya ya rafka mini, da tuni na warke. Bai yi ba. Ya juya ya ba maƙwabta haƙuri, ya ce yau ba za a yi ba, jikinsa ba daɗi. Suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gane. Ƙanwata ta shige ɗaki, na ji tana kuka a hankali don kada Baba ya ji.

Na ɗauki gizagon ba da saninsa ba na kai wa wani tsohon maƙeri, mutumin garin Awka, wanda duk garin aka yarda da hannunsa. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya yaba wa wanda ya ƙera. Sannan ya ce mini da Turancin buroka wai na cinye shi tas. Ya ce zai iya liƙa masa ƙarfen sifirin mota, zai yi ci, amma nauyin zai sauya, saukarsa za ta sauya. Na dawo na faɗa wa Baba ina murna kamar na kawo magani. Ya ce, "Hannuna shekara arba'in ya san inda wannan zai sauka ko na rufe ido. Yanzu zan fara koyon wani? Bar shi." Na ce to a sayi sabo na kanti. Ya ce turmin da aka yi da gizagon saye da turmin saye duk ɗaya ne a wurinsa. Taurin kai ne, na sani, kuma na yi shekaru ina jin haushinsa a kan haka, don da ya yarda da an yi turmin, da ni ma na sami inda zan ɓoye fuskata. Amma wanda ya yi ɓarna ba shi ke zaɓar yadda za a yi baƙin cikinta ba.

Aka kai ƙanwata da turmin da Inna ta sayo a kasuwa ta rufe da zane don kada a gani. Bai shekara biyar ba ya tsage. Shingen Alhaji kuwa damina biyu ya yi. Tun a ta farko ƙwari suka shige shi, in ka taɓa sanda gari ke zubowa, a ta biyu wani bijimi ya jingina da shi ya kwanta. Alhaji ya kira wani ya yi masa sabo, in mun haɗu a hanya ko Gwanin bai sake tunawa ba. Abin da na sayar da ran gizagon kakana a kansa ke nan.

Baba bai sake maganar komawa gida ba. Ya ci gaba da fasa gora da addar kanti, yana wasawa da safe kamar kullum, sai dai ya daina ce mata ciyawa, ya daina ce mata komai. Gungumen ƙiryar ya zama wurin zamansa a bakin zaure, a kai yake alwala, a kai yake karɓar gaisuwa, har ya yi santsi. A Anacha aka binne shi. Shekarar da rikici ya tashi zama ya gagare mu a can muka taso Arewa da abin da hannu zai iya ɗauka, gungumen yana nan inda ya bar shi.

Kwana kaɗan kafin Baba ya rasu ya sa aka sauko da fatar akuyar. Ya ɗora mini a cinya ya ce, "Kai wannan, riƙe. Gadonka ne. Ka riga ka ci, amma riƙe." Ba da faɗa ya faɗa ba, har da ɗan murmushi, kuma ban taɓa jin magana mai ɗaci irinta ba.

Yana nan a ƙarƙashin gadona da bakinsa a naɗe. Ba ya yanka ko kabewa. A nan Arewa ba raɓar da za ta ci shi, ko shekara goma ya yi ba mai ba abin da zai same shi. Jikana ya taɓa tarar da ni ina shafa masa man kaɗe ya ce, "Kaka, me ya sa kake wahala da abin da ba ya aiki?" Na ce masa yau Juma'a ce. Abin da aka ce in yi ke nan, kuma shi kaɗai na iya cikawa.